Katin da Inna Ta Jira

Da sunan Allah Mai rayawa, Mai karɓar abinsa a lokacin da ya so. Sunana Balki. A Matameye aka haife ni, a nan aka yi mini aure, a nan kuma na fara jinyar mahaifiyata. Na daɗe ina son in faɗi yadda abin ya kasance, don duk wanda tsohuwarsa ko tsohonsa ya fara kumburin ƙafa yana haki ya san abin da ke gabansa.

Mu uku ne a wurin Inna. Yaya Lawali ne babba, sai ni, sai autanmu Habu, wanda ke tafiya ci-rani Kano yana tura baro a kasuwa. Babanmu ya rasu tun muna ƙanana, da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Inna ta rene mu. Mace ce mai ƙarfi, ban taɓa ganin ta kwanta da rana ba.

Shekarar da nake magana ita ce wadda ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba. Kafin sanyi ya wuce rumbunan unguwarmu sun zama fanko, mata sun fara shiga daji neman anza da jiga, abincin lokacin yunwa. Ita ce kuma shekarar rikicin tazarce, rikicin da ya shigo har cikin gidanmu. Yaya Lawali yana tare da masu mulki, masu cewa jama'a ce ta ɗora su, a bar su su ƙarasa aikin da suka fara. Habu yana tare da ƴan adawa, masu cewa wa'adi ya cika, a sauka. Sai da Inna ta kafa musu doka: wanda ya kawo maganar siyasa kan tabarmar abinci, ya tashi da yunwarsa.

Kafin wannan rikici, waɗansu zaɓaɓɓun yankinmu sun kafa asusun lafiya. Bayan girbi kowane gida ya zuba abin da aka yanka masa, a ba shi kati. In ciwo ya zo sai a nuna katin a likita, wato ƙaramin asibitin gari, a duba mutum a ba shi magani, in kuma abin ya fi ƙarfinsu a tura shi Damagaram, asusu ya ɗauki mafi yawan nauyin. Ƴan boko suna kiransa mutuwel. Inna ta ce ita bakinta ba zai riƙa faɗin abin da ya fara da mutuwa ba, sai take ce masa katin yayanku. Gaskiyarta ne kuwa, don Yaya Lawali ne ya bi unguwarmu gida-gida yana lallashin mutane. Da yawa ba don gwamnati suka zuba ba, don shi suka zuba, saboda ba a san shi da ƙarya ba.

Da zafi ya fara shigowa sojoji suka karɓi mulki. A rediyo muka ji. Habu ya bugo waya daga Kano yana murna kamar an yi masa haihuwa, Yaya Lawali kuwa ya kwana biyu bai fita majalisa ba. Ba a daɗe ba aka sallami duk zaɓaɓɓu. Ni dai a lokacin farashin tiyar gero ne damuwata, ban ɗauka abin zai taɓa mu ba.

A makon farko na ciwon Inna, takalminta ne ya ƙi shiga. Na durƙusa na danna bayan ƙafarta da yatsa, ramin ya tsaya bai koma ba. In ta sunkuya alwala sai ta ɗago tana haki kamar wadda ta ɗebo ruwa daga rijiya mai nisa. Gwaggo Ladi, ƙanwar babanmu, ta ce sanyi ne ya taru mata, ta kawo saiwoyi aka jiƙa. Wata maƙwabciya ta ce anza ce ta ci ba ta gama jiƙuwa ba. Aka karɓo rubutu wurin Malam, ta sha. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, Allah ya saka musu, amma kumburin sai hawa yake, daga idon sawu zuwa ƙwauri.

A mako na biyu na kai ta likita. Ban taɓa ganin layi irin na ranar ba. Mata ne daga ƙauyukan Kance da Dungu, kowace da yaro a cinya, yaran duk kai da ciki, ba su ma da ƙarfin kuka. Muka zauna a gindin itacen bedi tun hantsi har azahar ta wuce. Inna tana kallon yaran tana cewa, "Mu koma gida, Balki. Waɗannan su ne marasa lafiya, ni na ci zamanina."

Majo, wato babban ma'aikacin wurin, dattijo ne mai haƙuri. Ya auna tansiyonta, wato hawan jini, ya daɗe yana sauraron ƙirjinta da bayanta. Ya ce zuciya ce, ruwa kuma ya fara taruwa, sai an kai ta Damagaram an yi mata hoton ƙirji. Na ciro katin daga haɓar zanena na miƙa masa da ƙarfin gwiwa. Ya karɓa ya duba, sannan ya mayar mini da shi da hannu biyu.

"Ƴata, wannan a tsaye yake yanzu," in ji shi. "Kuɗin asusun ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, shugaba da ma'aji. Shugaban na tsohuwar gwamnati ne, ma'ajin ɗan adawa. Ma'aji ya ce wa'adin shugaba ya faɗi tare da gwamnatinsa. Shugaba ya ce jama'a ce ta zaɓe shi, ba soja ba, ba kuma wanda zai sauke shi sai ita. Mun daɗe ba a biya mu ko ƙwaya ɗaya ba."

Ya buɗe durowarsa ya ba mu waɗansu ƴan ƙwayoyi masu sa fitsari, bai karɓi komai ba. Da za mu fita ya kira ni gefe ya ce, "Kada ku jira kati."

Na faɗa wa Yaya Lawali duk yadda muka yi. Ya ce ƙaramin saɓani ne, akwai zama a ƙarshen mako, za a daidaita. Inna tana jingine da bango tana jin mu. Ta ce, "To, mu jira."

A mako na uku Habu ya iso daga Kano, na riga na gaya masa komai a waya. Ya sayar da baronsa, ya haɗa da abin da ya tara, ya ɗauro kuɗin a ƙugu. Yana tsakar gida yana cewa a haɗa kaya gobe a tafi, sai ga Yaya Lawali ya shigo. Habu ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Yaya, ina gwamnatin taku? Ina katin da ka tara wa talakawa kuɗinsu a kansa?"

Yaya Lawali ya tsaya cik a bakin zaure. Ya ce, "Mutuminku ne ya riƙe hannunsa. Je ka tambaye shi."

"Ya sa hannu tare da wanda ba shi da wa'adi? Ku kuka tattake doka, ku kuka jawo mana soja!"

"Wa ya yi guɗa da sojan ya zo? Asabar za a buɗe asusun. Asabar ɗin nan."

Inna ta buga ludayi a ƙwarya, suka yi shiru. Sai da ta tara numfashi sannan ta ce, "Habu, ajiye kuɗinka, yunwa ce a gari. Yayanku ya ce Asabar."

Da suka fita na zauna ina shafa mata mai a ƙafa, na ce, "Inna, majo fa ya ce kada mu jira." Can ta ce, "Unguwar nan kaf ni suke kallo. In uwarsa ta shiga mota da kuɗin ƙanensa, na shaida wa gari ke nan cewa ɗana maƙaryaci ne. Da wace fuska zai ƙara shiga masallaci? Ni ba zan zama ta farko ba." Na yi kuka, na yi roƙo, na kirawo Gwaggo Ladi ta sa baki. Inna in ta faɗi magana ta zauna.

Abin da ya ƙara ruɗa mu shi ne ƙwayoyin majo sun yi aiki da farko. Ƙafar ta saɓe kaɗan, har ta zauna tana tsince anza da kanta, tana yi wa jikoki faɗa. Muka ce Alhamdu lillahi. Ina gargaɗin duk mai karanta wannan: wannan sauƙin ba warkewa ba ne. Asabar ta zo ta wuce, aka ce ma'aji ya yi tafiya. Wata Asabar ta zo, aka ce sai sabon shugaban yankin da soja suka naɗa ya duba lamarin, shi kuwa rabon hatsin agaji ne a gabansa. Ƙwayoyi suka ƙare. Muka sayi waɗansu a farmasi, muka sayar da akuyar Inna a farashin da in da damina ce ko zakara ba zai saya ba, don kowa dabbarsa yake fitarwa kafin ta mutu a hannunsa.

Daga nan ciwon ya dawo da fushi. Kumburin ya wuce gwiwa ya kai ciki. Ta daina iya kwanciya, in ta miƙe sai ta ji kamar an danna ta cikin ruwa, don haka a zaune take barci, na jera mata matasan kai a jikin bango. Numfashinta ya koma da wata ƙara, kamar ana jan ruwa da kara a ƙasan tulu. Ta daina sallah a tsaye, sannan ta daina ruku'u, sai da kai kawai.

Ba zan zalunci Yaya Lawali ba. Kullum da sassafe yake fita, daga gidan shugaba zuwa gidan ma'aji zuwa ofis, a ƙafa, cikin wannan rana, ya dawo leɓɓansa a bushe. Mutanen da ya sayar wa kati suka fara tare shi a hanya, wannan matarsa na naƙuda, wancan ɗansa na gudawa. Ya daina bin babban titi. In ya shigo sai ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna, ba ya iya haɗa ido da ita, ita kuma ba ta taɓa tambayarsa ina aka kwana ba.

Ranar wata kasuwa, da hantsi, tari ya sarƙe ta, kumfa mai ja-ja ta fito mata a baki, leɓɓanta suka yi baƙi. Habu bai tambayi kowa ba, ya ruga tasha ya ɗauko motar haya sukutum. Muna cicciɓar ta sai ga Yaya Lawali a guje, ko hula babu. Ya shiga baya ya ɗora kanta a ƙirjinsa. Haka muka tafi Damagaram, Habu a gaba, mu a baya. Gefen hanya gawarwakin shanu ne a bushe, fata manne da ƙashi.

A babban asibiti an karɓe ta da gaggawa, aka sa mata abin shaƙar iska, aka yi mata allurai. Lokotoron da ta duba ta, wato dokta, mace ce, ba ta fi ni shekaru ba. Ta ɗaga hoton ƙirjin ta kalla, ta tambaye ni tun yaushe ƙafar ta fara kumbura. Na faɗa mata. Ta cire tabaraunta ta murza ido, ta ce, "Zuciyarta ta gaji. Da tun farko kuka zo, da wata maganar muke yi yanzu." Ba da faɗa ta faɗa ba. Na gwammace da faɗan ta yi.

Mun yi kusan mako biyu a can. Masu jinya a ƙarƙashin itatuwa muke yini, kowa da tabarmarsa da butarsa. Ordonans, wato takardun sayen magani, bi da bi suke fitowa, kana biyan wannan ana rubuta wancan, kuɗin Habu suka narke kamar gishiri a miya, aka aika gida aka sayar da tunkiyata. Ina godiya ga wata baiwar Allah ƴar Dungu mai jinyar mijinta, wadda ta riƙa raba furarta biyu tana ba ni, ban ma san cikakken sunanta ba. Ina godiya ga wannan lokotoro, da ta riƙa leƙo Inna ko ba ranar aikinta ba. Amma zan faɗi abin da ya ƙona mini rai: har a can ƴan'uwana ba sa magana da juna. Yaya ya karɓo takardar magani ya ba ni, in ba Habu, Habu ya sayo ya ba ni, in mayar wa Yaya. Uwarsu na ciki tana kokawa da numfashi, su suna waje kowa da itacensa.

Inna irin matan dā ce, ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba, saboda kunya. Sai dai ta ce yayanku, ko wancan. Tun tasowata ban ga ta yi masa wasa ba, ban ga ta zuba masa nama fiye da na kowa ba. Wata safiya ina goge mata fuska, Yaya na tsaye daga ƙafar gado, ta buɗe ido ta ce, "Lawali." Ni da shi muka kalli juna. Ta sake cewa, "Lawali, ka ci abinci kuwa?" Ya juya ya fita da sauri. Na hango shi ta taga ya kifa goshinsa a jikin bango.

Kashegari da hantsi ta cika. Hannunta na cikin nawa, Habu na yi mata kalmar shahada. Ƙarar nan ta ƙirjinta ta yi ta raguwa har ta tsaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muka kawo ta gida aka rufe ta a Matameye. Zaman makoki ya cika, don Inna ta mutane ce. Amma ko a nan sai da aka shimfiɗa tabarmi kashi biyu a ƙofar gida, mutanen Yaya gefe, mutanen Habu gefe. Shugaban asusun ya zo, ma'aji ma ya zo, kowanne ya yi addu'a mai tsawo, kowanne ya ce Allah ya isa ga waɗanda suka jawo wannan. Daga cikin gida muke jiyo su. Gwaggo Ladi ta ce da tana da iko da ta watsa musu ruwan wanke-wanke su duka.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban kuma yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma ina roƙon ku, in ƙafar tsohonku ta kumbura har yatsa na barin rami, in ya kasa kwanciya sai a zaune, ku ɗauke shi ranar, ko yana so ko ba ya so. Ku sayar da abin da za ku sayar. Kada ku jingina numfashin mutum da zaman da manya za su yi, don su ba sa haki, suna iya jira. Tsofaffi kuma in sun ce a bari, ku bincika wa suke karewa.

Bayan rasuwarta na daɗe ba daidai nake ba. Da rana tsaka, ina daka ko ina tankaɗe, sai in ji ƙarar numfashin nan daga ɗakinta, sarai, har in ajiye taɓarya in leƙa. Ɗaki wayam, sai tabon man kanta a jikin bango inda ta yi ta jingina. Aka yi mini rubutu, aka yi mini addu'a, abin ya ragu, amma bai tafi duka ba.

Ruwan shuka ya makara a shekarar, amma ya zo. Da safiyar da ya sauka muka fita gonar Inna mu uku, da ɗan irin da aka raba na agaji. Habu ya kama layinsa ya yi can gaba shi kaɗai. Yaya Lawali na sara da sungumi, ni ina binsa a baya ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. Mun yi nisa, sai na ji ya yi magana bai juyo ba.

"Balki, ranar da Habu ya dawo daga Kano, daga gidan ma'aji nake."

Na ce, "Na'am."

"Ya faɗa mini ƙiri-ƙiri ba zai sa hannu ba sai an yi sabon zaɓe, ko shekara nawa za a yi. Na san an gama. Na taho gida da niyyar in ce wa Inna a tafi Damagaram gobe, kati ya mutu. Ina shigowa na iske yaron nan yana tambayata ina gwamnatinmu." Ya sara rami, ya sara wani. "Sai na ji bakina ya ce Asabar. Da na faɗa kuma na kasa janyewa. Na yi ta yawo ko Allah zai sa ƙaryata ta zama gaskiya."

Irin da ke hannuna ya zube a wuri ɗaya. Na tsuguna ina tsincewa ƙwaya-ƙwaya daga cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, don ba mu da wani. Ya tsaya ya ba ni baya.

"Ki ce wani abu mana," in ji shi.

Na ci gaba da tsince irin. Wadda za ta yafe masa tana ƙarƙashin ƙasa, na kuma san da tana nan da tuni ta yafe, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Daga can ƙarshen gona Habu ya ɗago yana yi mana hannu, yana kira, "Yaya! Ku yi sauri mana, ƙasa za ta bushe!" Karon farko ke nan da ya yi masa magana tun ranar da ya dawo daga Kano.

Yaya Lawali ya goge fuska da hannun riga ya ɗaga sungumi. Na miƙe na bi bayansa. Har yau ban faɗa wa Habu ba.

Allah ya jiƙan Inna, ya sanyaya makwancinta, ya ba ta numfashin da ta rasa a duniya.